Ni Na Zuba Man Gyaɗar, Amma Wata Aka Kora

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma na canza su. Ina roƙon masu karatu su daure su kai ƙarshe kafin su yanke min hukunci. Na san na yi laifi, ba wanke kaina na zo yi ba. Shawara nake nema, kuma kwana uku kacal suka rage min.

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Makka sama da shekara ashirin. Maigidana a unguwar Misfala nan Makka aka haife shi, amma har yau da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙi, muke zaune, mu da 'ya'yanmu huɗu da ba su taɓa taka Najeriya ba, Hausar ma sai an matsa musu suke yi. Direba ne. Da can lokacin aikin Hajji shi ke jan bas tsakanin Arfa da Muzdalifa, abin da ya samu ya riƙe mu watanni. Da ciwon baya ya kwantar da shi sai na fara girki a gida ina sayarwa, ba tare da izinin hukuma ba, kamar yadda mata da yawa ke yi a unguwarmu. Kowa ya san idan 'yan baladiyya, wato jami'an hukumar gari, suka gano ka, tara ce, wani lokacin ma har ta shafi takardun zamanka.

A asibitin da nake kai maigidana na haɗu da Nasrin. 'Yar Indiya ce, musulma, ɗalibar likitanci, tana cikin waɗanda kwalejinsu ta turo koyon aiki. Ita ta zauna tana yi masa tambayoyi tana rubutawa, da Larabcinta mai karyewa irin nawa na farkon zuwa. Da azahar na gan ta a bakin matattakala tana cin busasshen burodi da ruwa. Na ce, "Ya binti, 'yata, wannan ne abincin ranar taki?" Ta yi dariya ta ce, "Hala, wannan ai na mai kuɗi ne, jiya shayi kawai na sha." Hala suke ce min, wato inna. Daga nan hira ta yi nisa. Su uku ne a wani ɗan gida mai ɗaki ɗaya da falo a unguwar Rusaifa: ita, da ƙawarta Farzana, da wata ta ukunsu. Kuɗin makaranta ke cinye duk abin da iyayensu suka turo. Mahaifin Nasrin gona ya sayar, Farzana kuwa marainiya ce, mahaifiyarta ɗinki take yi. Suna fita rana ba ta gama fitowa ba, su dawo bayan la'asar ƙafa a kumbure, ga karatu na jiransu, wa zai dafa? Gidajen abincin Indiyawa sun fi ƙarfinsu, sai burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, safe da yamma, har Farzana ta ce ko ƙamshin ful ta ji zuciyarta tashi take yi.

Muka yi magana zan riƙa dafa musu abinci sau ɗaya a rana, a farashin da za su iya. Su suka koya min miyar adas irin tasu, ta wani ƙaramin wake, da shinkafar biryani, ni kuma na koya musu tuwon shinkafa da miyar kuka. Ranar farko kallon miyar suka yi ta yi suna taɓa juna, daga baya su ke roƙo in yi. Wallahi Anti na so yaran nan. Idan na kai musu abinci ba sa bari in tafi sai na zauna na sha shayi mai madara da citta, Farzana na danna min ƙafa tana faɗa wai jijiyoyina sun fara kumbura, in rage tsayuwa.

Tun ranar da muka fara, Nasrin ta riƙe hannuna ta ce, "Hala, abu ɗaya. Ful sudani." Gyaɗa kenan. Ta ce jikinta ba ya karɓarta ko kaɗan, ko cokalin da ya taɓa ta ne yana iya toshe mata numfashi. Ta buɗe jaka ta nuna min wata allura mai kamar biro da ba ta rabuwa da ita. Ta ce har man ma, musamman wanda aka matse a gida. Na ce, "A kaina, ki kwantar da hankalinki." Na ji ta sarai. Ba zan ce ban ji ba, ba zan ce ban gane Larabcinta ba.

Wata takwas ina kiyayewa. Sai kaya suka yi ta tashi, mai, kaza, shinkafa, komai. Na so in ƙara musu kuɗi, sai ga Farzana ta ja ni gefe tana sunkuyar da kai ta ce in daina sa mata kaza a nata kason, in rage mata wani abu. Da wane baki zan ce na ƙara? Ana cikin haka yayata ta zo Umara ta kawo min tsaraba, har da jarka guda ta man gyaɗa, na gida, mai kyau. Wata rana man da nake saya ya ƙare ina tsakiyar aiki, ga jarka a ƙarƙashin kantar kicin. Na tsaya ina kallonta. Zuciyata ta ce, mai ne fa, ba gyaɗar ba ce. Mu da muka tashi da ƙuli-ƙuli da miyar gyaɗa wa ya taɓa mutuwa? Ba dai tsirfar 'yan boko ba ce, sun karanta a littafi sun tsorata kansu? Na zuba kaɗan, na soya albasa a ciki sosai har warin ya mutu, na aika. Ranar ban iya cin abinci ba, wayata na hannuna. Shiru. Washegari suka ce abinci ya yi daɗi. Na ce a raina, ka gani ko? Sai daga baya na ji ashe ranar Nasrin aiki ya riƙe ta a asibiti, ba ta ko ɗanɗana ba.

Bayan kwana biyar na yi musu biryani, wannan karon da man gyaɗar zalla. Ni na kai da kaina bayan la'asar, suka zaunar da ni kamar kullum. A gabana Nasrin ta yi bismilla. Cokali uku ta yi. Sai na ga ta ajiye cokalin tana sosa wuya, ta yi tari, ta sake yi. Farzana ta ce mata wani abu da yarensu, ba ta amsa ba. Leɓɓanta suka kumbura ina kallo, idanunta suka firfito, numfashinta ya koma wani irin fito kamar ana matse bakin balan-balan. Ta miƙa hannu wajen jakarta ta kasa kaiwa, ta zame daga kan kujera. Farzana ce ta zazzage jakar a ƙasa, ta ciro allurar ta caka mata a cinya ta saman wando, tana yi wa ta ukun ihu ta kira motar asibiti. Ni kuwa ina tsaye jikin bango da kofin shayi a hannu. Farzana ta ɗago, fuskarta duk hawaye, ta ce, "Hala, me kika sa a ciki? Faɗa min, likita zai tambaya!" Na ce, "Babu komai. Wallahi abin da na saba ne." Anti, na rantse da Allah a kan ƙarya, a garin Makka, yarinya na kwance a gabana tana neman numfashi. Wace irin mace ce ni?

Allah ya yi da sauran kwananta. Kwana uku ta yi a asibiti, likitoci suka ce da an yi jinkirin allurar nan da sai dai wani labarin. Ni kuma ina komawa gida na tuttular da man a magudana, na kai jarkar can bolar wani layi.

Na ɗauka shi ke nan, zan yi ta istigfari in rufe bakina. Ashe ba a fara ba. Kawun Nasrin da ke aiki a Jidda ya zo ya ce sai an gano daga ina gyaɗa ta shigo gidan. Suka bincike kicin, suka bincike firji, sai ga wata 'yar kwalba a cikin akwatin Farzana, an ci rabi. Wani yajin gyaɗa ne irin nasu da mahaifiyarta ta aiko mata. Dokar gidan kuwa ita ce ba a shigo da gyaɗa. Farzana ta yi rantsuwa ta ce a asibiti kawai take ci, da cokalin roba, ta wanke hannu, kuma ta fi mako ba ta buɗe ba. Ta ce abincin mahaifiyarta ne, shekara biyu ba ta gan ta ba, ta kasa zubarwa. Ba wanda ya saurare ta. Kawun ya ce ita ta taɓa cokulan gidan da shi. Nasrin ta rasa jarrabawa saboda kwanciyar, sai ta maimaita darasin, wato wani kuɗin kuma a kan mahaifinta. A ranar da aka sallamo ta, a ranar Farzana ta kwashe kayanta. Yanzu gado ɗaya take haya a ɗakin wasu mata masu aikin shara, su shida, a nan take karatu da fitilar waya. Yarinyar da ta ceci ran ƙawarta kenan.

Ni kuwa? Ni ce abar yabo. Nasrin ta ce daga yau abincin Hala kawai ta yarda da shi a duniya. Mahaifiyarta ta kira ni ta bidiyo tana kuka tana ɗaga hannu sama tana yi min addu'a da yaren da ba na ji. Kullum sai in ɗora tukunyarsu kamar ba abin da ya faru. Na je Harami na yi ɗawafi na zauna ina kallon Ka'aba, na kasa haɗa addu'a ko ɗaya, don na san haƙƙin wani ba ya faɗuwa da kuka.

Maigidana ne kawai ya gane. Wata safiya ya ce, "Wai ina man da Yaya ta kawo? Na kwana biyu ban ji ƙamshinsa ba." Na ce ya ƙare. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Jarka guda, a kwana goma?" Sai na fashe da kuka na faɗa masa komai. Ya yi salati ya dafe kai. Can ya ce, "Kin san in kika buɗe baki ba ke kaɗai za ki tafi ba ko? Girki ba izini, ga cutar da mutum. In suka ƙi sabunta mana iƙama ina zan kai yaran nan? Ni kaina wa na sani a Najeriya?" Na ce, "To marainiyar fa?" Ya ce, "Allah zai bi mata haƙƙinta." Na ce, "A kan wa?" Sai ya juya fuska bango. Tun ranar bai ƙara cin abin da na soya ba, sai ya aika a sayo masa tamis.

Abin bai tsaya nan ba. Kawun ya kai ƙarar Farzana kwalejinsu, wai ta yi sakaci da ran abokiyar zamanta da saninta, wadda ta yi haka ba ta dace da riƙe marasa lafiya ba. An kafa kwamiti, za su zauna ranar Lahadi. Idan suka same ta da laifi za su iya dakatar da ita, ko su kore ta gaba ɗaya, shekara biyar na ɗinkin mahaifiyarta su tafi a banza. Shekaranjiya kawun ya kira ni da ladabi ya ce tunda ina wurin, in zo in ba da shaida cewa abincina tsaf yake, daga cikin gidan matsalar ta fito. Na ce to. Haka kawai bakina ya ce to.

Jiya da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe, Farzana ce. Ta rame har abayarta na yawo a jikinta. Na ba ta ruwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba. Ta ce, "Hala, na yi ta lissafin abin nan kamar jarrabawa. Ta shigo lafiya. Ba ta ci komai ba sai abincinki. Minti biyar bai cika ba ta faɗi. Cokalin da ta ci da shi ni na wanke shi da safe." Na ce, "Farzana, ki yi haƙuri, Allah yana gani." Ta ce, "Na sani. Shi ya sa na zo wurinki ban je wurinsu ba." Ta kalli ƙofar kicin ɗina, ta dawo da idonta kaina. Ta ce, "Ban faɗa wa kowa cewa ba ki da izinin girki ba, kuma ba zan faɗa ba, na san kina da yara. Ba zan ce kin yi ba, don ban gani ba. Amma mahaifiyata ba ta san an kai ni ƙara ba, Hala. Jiya ma ta ce in turo mata awon farar rigar likita, tana so ita za ta ɗinka min da hannunta." Ta ajiye kofin, ta sumbaci goshina kamar yadda ta saba, ta fita. Ban iya ko raka ta bakin ƙofa ba.

Yau Alhamis. In na faɗi gaskiya, ina iya jefa mijina mara lafiya da 'ya'yana huɗu cikin abin da ban san ƙarshensa ba, kuma Nasrin za ta san wadda take kira Hala ce ta kusa kashe ta saboda kuɗin mai. In na je na maimaita ƙaryata, na kashe rayuwar marainiya da bakina. In na ƙi zuwa, kwalbar nan kaɗai ta isa ta kayar da ita. Na yi tunanin in sami Nasrin ita kaɗai in durƙusa in faɗa mata, ko za ta sa a janye ƙarar ba tare da sunana ya fita ba, amma in ta gaya wa kawunta fa? Ɗazun nan ya turo saƙo, wai zai zo da mota ya ɗauke ni ranar Lahadi ƙarfe takwas na safe, in shirya.

Anti, 'yan uwa, don Allah ku faɗa min, me zan yi?