Malam Bawa Ya Leƙa Ruwan Tafki

Bungudu, daren Alhamis, Yuli 1955

Na gaji, amma sai na rubuta wannan.

Shekara uku ina aikin asibiti a garin nan, ina roƙon mutane su riƙa tace ruwan tafki saboda kurkunu. Ba mai ji. Damina ta yi, manoma na kwance ƙafa a kumbure, ciyawa na cin gero.

Makon jiya na roƙi Malam Bawa mai waƙa ya tsara mini baitoci. Ya ƙi. Ya ce, "Malam Isa, ni ba ni waƙe abin da ban gani ba."

Na ɗebo ruwan a kwalba, na miƙa masa madubin ƙara girma. Ya daɗe yana leƙe. Can ya ce, "Kai ka ce tsutsa. Wanga abu tsalle shikai kamar ƙuma." Na duba littafina, ashe gaskiyarsa. Ƙwaron ne ke ɗauke da tsutsar a ciki. Shekara uku ina faɗa a karkace. Na ji kunya, sannan dariya ta kama ni.

Yau da la'asar na tarar da Inna ta ɗaura sabon kallabinta a bakin randa, tana tace ruwa tana rera baitocin da Malam Bawa ya tsara bayan ya ga ƙwaron. Innar da ta ce boko ya sa ni tsoron ruwa.

Ta ɗago ta ce, "Isa, ka riƙa tace ruwa. Malam Bawa ya ce akwai ƙwari ciki."

Na ce, "To, Inna."