Kada ka tada tarakta

Hayatu,

Na tahi Konni neman mai walda. Ƙarfen da hayaƙi ke bi daga injin tarakta ya tsage. Jiya na liƙe shi da yumɓu da kashin jaki, yadda muke liƙe rumbu. Da sahe ina tada ta, yumɓun ya hwashe, tartsatsi ya kama karan da ke gindin rumbunmu. Da rigata na kashe wutar.

Ka san ni, yunwa biyu na tsallake ban girgiza ba. Amma abin yau dabam ne, geronmu na shekara duka yana cikin rumbun nan.

Kada ka tada ta. Ka zamna kusa da rumbun har in komo. Ruwa tulu shidda na zuba a wurin, amma har yanzu hancina na jin ƙauri.

Babanka