Allurar da Na Ambata Maka

Zuwa ga mahaifina, Malam Alhasan na Tabla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Baba, akwai maganar da na kasa faɗa wa kowa tun rasuwarka. Ina tsoron bakina ne ya rage maka kwana.

Ka tuna ranar da ƙirji ya kada ka a gona, munka ɗauki mota daga Tabla zuwa Yamai. Lokotoro ya ce kitse ne ya toshe maka hanyoyin jini. Ka yi dariya, ka nuna masa hannunka siriri kamar karan hatsi, ka ce a tambaye shi ina kitsen yake.

Faransanci yake yi, ni ce mai fassara, tunda ni ka sa lakwal, makarantar boko. Ya rubuta maka ƙwaya mai sauƙin kuɗi, guda kullum har ƙarshen rai. Da ma nan na tsaya. Amma iyayi ya ɗebe ni, na tambaye shi zancen sabuwar allurar da na gani a waya.

Ya ce akwai ta, tana kuwa zubar da kitsen sosai. Sai dai kuɗinta na shekara ya fi gonarka da shanunka, kuma firiji take so, mu da ko lantarki babu. Ya ce ƙari ce a kan ƙwayar, ga wanda ƙwayar ta gaza masa. Ga irinka, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Na fassara maka, amma da mai daɗin na fara. Na ga idonka ya yi haske. Sauran bayanin da sauri na yi shi, don an fara kiran na bayanmu, kai kuma hankalinka ya riga ya tafi.

Alhali na san halinka. Kai ne ba ka sayen iri mai araha, ko igiyar guga sai ka zaɓi mai tsada. Kullum maganarka ita ce araha ba ta ado. A mota ka ce wato an ba ka na talakawa, an ɓoye na gaske. Na ɗauka ba'a ce, har na taya ka dariya.

Duk wata ina aiko maka da ƙwayar ta hannun direban kasuwa. In na kira ka ce kana sha. Ashe jiran kaka kake, ka sayar da hatsi ka koma neman allura. Ba ka kai kakar ba.

Bayan sadakar bakwai Inna ta ce in gyara ɗakinka. Cikin tukunyar da kake ajiyar iri na iske kwalayen, jere tsaf, ko ɗaya ba a ɓare ba. Na zauna ƙasa na kasa ko kuka. Na ji haushinka, Baba, wallahi na ji, amma na kaina ya fi. Inna har yau cewa take maganin ne bai karɓe ka ba, ni kuwa ina gyaɗa kai.

Babana, Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Da kana raye da na durƙusa ka yafe mini. Yanzu sai dai in roƙi Allah Ya isar maka.

Ɗiyarka mai kewarka,
Ramatu