Hannuna ne a hoton, amma an ce kayana jabu ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fara taɓa min lafiya.

Ina da shagon kayan kicin a kasuwar Sabon Gari, tukwane da kuloli da filas, gadon mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa. Akwai abokina, bari in kira shi Nura, tare muka taso a Fagge, layinmu ɗaya. Da ya gama karatu bai samu aiki ba, kullum yana shagona yana danne-dannen waya, sai wata rana ya ce in bar shi ya riƙa ɗaukar hoton kayana yana sawa a shafinsa, in an yi oda ya saya a wurina ya ɗora ribarsa. Na yi dariya na ce ɗauka mana, wa zai sayi tukunya bai ƙwanƙwasa ta ya ji ƙararta ba? Har ni nake riƙe masa kayan, yana ce min ɗaga sama, juya nan, haske bai yi ba.

To jama'a, yau Nura ba shi da shago, bai san wahalar dako ba, amma ya hau mota, ya kama ofis a titin Ibrahim Taiwo, ni kuwa har gobe a Bata nake tsayawa jiran adaidaita. Tsakani da Allah bai taɓa cutata ba, shi ne ma babban kwastomana. Amma hassada nake yi masa, na faɗa. Ina idar da sallah sai in rarumi waya in buɗe shafinsa, in ga mata suna ta Allah Ya ƙara buɗi Alhaji Nura, sai ƙirjina ya ɗauki zafi. Na buɗe nawa shafin a ɓoye na sa irin kayan, ƙanwata ce kaɗai ta danna min layik. Abinci ya fita raina, yara sun fara gudun shigowata gida saboda tsawa. Na je asibiti likita ya ce jinina ya hau, damuwa ce, ya tambayi abin da ke damuna na ce kasuwa. Da wane bakin zan ce masa arzikin abokina ne?

Abin da ya ƙarasa ni, makon jiya wata Hajiya ta shigo shagona ta nuna min hoton kula a wayarta, wai irinta take nema. Na ɗauko mata, na faɗi kuɗin da bai kai na Nura ba. Ta juya ta, ta taɓe baki, ta ce wannan arhar ba banza ba, tawa jabu ce, gara ta yi oda wurin Alhaji Nura mai orijinal. Na sake kallon hoton, wallahi hannuna ne riƙe da kular, ga zoben azurfana nan, ga kantar shagona a baya. Ta ajiye kular ta fita.

Da Nura ya zo ɗaukar hoton sabbin kaya na ce yau ba hoto. Ya ɗauka wasa nake, na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, na ce da guminmu yake shan sanyi a ofis. Bai rama ba, ya ce in ya yi min laifi in yafe masa, ya tafi. Washegari ya aiko wa yarana da kaji. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Yayana ya ce in hana shi hoton gaba ɗaya, matata kuma ta ce in na kore shi wa zai riƙa kwashe kayan, shagon Baba ne zai mutu. Ni kuma na san ko na hana shi, shagon gaba zai koma, ciwon yana nan a ƙirjina.

Don Allah ya zan yi? In hana shi, ko in ci gaba da riƙe masa kula? Ko in je in faɗa masa gaskiya, cewa ni da muka ci tuwo a kwano ɗaya, ba na iya cewa amin in an yi masa addu'a?