Kwaɗon da Ka Sa a Famfonmu

Zuwa ga Yaya Ubaidullahi a Librebil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardata ta same ka da iyali cikin ƙoshin lafiya, Ya ƙara buɗi. Mu ma nan Zongo sai godiya. Safina ta sauka lafiya, mace aka samu. Inna tana ambatonka bayan kowace salla.

Yaya, ba zan yi maka kwana-kwana ba, a fusace nake rubutu, kuma a tsorace. Ka san dattawan unguwa, Kawu Alassani a gaba, sun yi shela a masallaci cewa kada mai foraj, wato rijiyar burtsatse, ya sayar da bido, jarkar ruwa ke nan, sama da dala biyar, wai don tausayin talaka. Tun ranar na iske Kawu har zaure, na durƙusa, na ce masa wutar da injin ke sha kaɗai ta fi haka, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Na ce duk littafin da na karanta, duk shekara ashirin da na yi ina sayar da atamfa a kasuwar Hédzranawoé, abu ɗaya suka nuna mini: hukuma ko dattijo, wanda ya yanka wa kaya farashi ƙasa da wahalarsa bai sa kayan araha ba, korarsa ya yi daga kasuwa. Kawu ya ce bokon Faransa ya cinye mini imani, wai ruwa na Allah ne. Na ce haka ne, amma takardar wuta ba da sunan Allah take zuwa ba. Ya kore ni.

Cikin mako biyu masu foraj shida suka rufe, kowa ya ce injinsa ya lalace. Kai ne na bakwai, da foraj ɗinka na gidanmu. Ka aiko wa Abdoul makanike ya sa kwaɗo a famfon waje, ya riƙe makulli, don kada ka yi asara kuma kada ka saɓa wa Kawu. Yanzu 'yan zemijan, masu haya da babur, ke ɗauko ruwa daga unguwar Cacavéli, bido ɗaya dala talatin. Wannan ita ce arahar da aka yi wa talaka! Wanda ba shi da talatin ya koma tsohuwar rijiyar bayan makaranta, wadda taku goma ne tsakaninta da masai.

Na san za ka ce mu cikin gida muna da ruwanmu. To cuta ba ta san katanga ba. Ka san Inna ba ta karyawa sai da kokon Meimuna maƙwabciyarmu. Ran Talata aka kwashi 'yar Meimuna zuwa asibiti, amai da gudawa, ido ya faɗa, sai ɗaura ruwa ake yi. Meimuna tana kuka ta gaya mini kwana tara ke nan da ruwan rijiyar take dama koko da wanke kwanoni. Inna ta sha na safiyar Talatar, har da ƙari. Tun daga nan ko tari ta yi sai gabana ya faɗi.

Ka buga wa Abdoul waya ya ba ni makulli. Zan sayar dala goma, abin da zai biya wuta da gyara, wanda ba shi da ko sisi in zuba masa sadaka daga ribar atamfata. Idan na buɗe sauran za su bi, kowa jira yake wani ya fara shan zagin. Ni zan sha. In Juma'a ta yi ban ji daga gare ka ba, zan kira mai walda ya yanke kwaɗon, Kawu ya tsine mini, kai ma ka yafe mini daga baya.

Ka gaishe mini da Yaya Asiyatu, da Samir, da Khairunnisa sarkin surutu. Na so in ƙara, amma Inna na kirana daga bayan gida, karo na uku ke nan da ta zaga tun hantsi. Zan nemi mota in kai ta asibiti. Ka yi addu'a, ka kuma buga wayar.

Ƙanwarka,
Hannatu