Dorota Ta Yi Tafiya Ba Zare

Prag, Oktoba 1961

Zuwa ga yayata Ludmila,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Vendelin da yara, da gwiwar nan taki da ke riga rediyo sanar da ruwa. Mun iso lafiya, ni da Baba da Dorota. Baba ya ce 'yar tsanar da ta ciyar da mu ba za ta shiga cikin kaya ba, don haka ita ta zauna a kujerata a jirgin ƙasa, ni kuwa malamin adabi na zo a tsaye.

Masu fim sun karɓe mu da mutunci. Shugabarsu, Madam Sedlakova, ta ce tana yarinya ta ga Dorota ta ratsa dandali da gugan ruwanta, har yau tafiyar ba ta bar idonta ba. Baba ya kumbura kamar burodi. Sai ta ce su ba sa aiki da zaren da ake motsa 'yar tsana da shi: za a cire, a sa waya a gaɓoɓin, a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto.

"'Yata," in ji Baba, "a gidanmu ba a yanke zaren 'yar tsana sai ranar da aka binne mai ita. Na yi miki kama da gawa?"

"A'a, Kawu, gawa ba ta da baki irin naka."

Ya ce bari ya nuna musu aikin zare. Yaya, kin san yadda hannunsa ke rawa yanzu. Dorota ta yi tangaɗi kamar mai fitowa daga gidan giya, gugan ya faɗi. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo.

Yanzu gida yake so. In ya dawo da ita, za ta koma kan ƙusa, shi kuma ya koma kujerar bakin taga inda muka ɗauko shi. Ban yi zaton ɗayansu zai sake tashi ba.

Ƙanenki,
Bohuslav

Prag, Nuwamba 1961

Yaya Ludmila,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, safar da kika saƙa ta iso. Baba ya ce ta yi ƙaiƙayi, kuma bai cire ta ba.

Ba mu taho ba. Na ɓoye akwatinsa, ya koma zuwa wurin aikin kullum don ya zage su. Ya ga Radim, mai motsa 'yan tsanar, ya wuni kan ɗaga wa 'yar tsana hannu ɗaya, ya ce, "Wannan ba wasa ba ne, jinya ce."

Amma wata rana Madam ta zaunar da Dorota, ta sauko da fitila. Fuskar nan da kakanmu ya sassaƙa, wadda na sani tun kafin in san tawa, sai ta yi kamar za ta yi kuka. Aka ɗaga fitilar, ta yi murmushi. Ba a taɓa ta ba. Na karanta littattafai har ido ya lalace, ban sami kalmar da zan kwatanta wannan da ita ba. Baba ya cire hularsa.

Madam ta ce, "Kai za ka motsa ta, Kawu."

Ya nuna mata hannayensa.

"Kyamara ba ta ganin hannu. Yi rawarka ka gama, sai ka janye muke ɗauka."

Washegari da kansa ya yanke zaren. Ya ce, "Farfesa, faɗa wa yayarka kada ta yi kuka. Gwaji nake, ban mutu ba."

Sai kuma ya yi ta'asa. Kin san dokarsa: ba a barin 'yar tsana a dandali bayan wasa. Aka tashi aiki ranar farko, Dorota na tsaye ƙafa ɗaya a sama, sai ya ɗauke ta ya sa a jakarta, wai kada ta gaji. Ashe in an gusar da ita ko faɗin gashi, duk abin da aka ɗauka ya tashi. Radim ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Baba ya ce, "Kai ka taɓa kwana a ƙafa ɗaya?" An sake daga farko. Yanzu da yamma sai ya ba ta haƙuri kafin mu fita.

Naki,
Bohuslav

Prag, Disamba 1961

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya sa sanyi bai matsa muku ba. Yau aka haska mana abin da aka ɗauka.

Ɗan ɗaki ne, da farin kyalle a bango. Aka kashe fitila, sai ga Dorota ta fito daga ƙofa, girmanta ya kai na mutum. Kafaɗa ta fara sauka ta wajen gugan, ƙafa ta biyo, ta tsaya ta sauya hannu, ta waiwaya kamar an kira ta. Tafiyar nan ce dai, ta kasuwannin ƙuruciyarmu. Na yi ta neman rawar hannun Baba a jikinta, babu. Na ɗaga ido sama inda ya kamata a ga zare da mai riƙe da shi, babu kowa. Aikin makonni, kafin in haɗiye yawu ya ƙare, kuma na tarar ina tsaye ban san na miƙe ba.

Sai yau na lura Baba bai taɓa ganin tafiyarta daga gaba ba. Duk rayuwarsa tsakiyar kanta yake kallo.

Ya ce, "Ashe haka take da kyau. Shi ya sa 'yan kallo suke tsayawa cikin ruwan sama." Ya juya wajen Madam. "Gobe a fara da wuri, 'yata. Ba ta kai rijiya ba tukuna."

Kada ki jira mu da Kirsimeti. Ki gaishe da Vendelin da yara.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Bohuslav