Saura Cibiya

Brisbane, 14 ga Afrilu, 2020

Zuwa ga Yaya Malaea,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mama da duk mutanen gida. Na rubuta a takarda na ɗauko miki hoto, don in na kira waya, kin san gidanmu ba bango, kafin in rufe baki rabin ƙauye ya ji.

Yau ya kamata a ce ina kwance a tabarmar Tsoho Pasi yana ƙarasa mini zanen tawada da ake buga wa maza a fata, wato pe'a. Maimakon haka ga ni a ɗaki, malami na koya mana lissafin bututun ruwa ta cikin kwamfuta, karensa na haushi a bayansa. An rufe hanya, ba shiga Samoa, tikitina na hutun Ista ya zama takarda kawai. Ban ga laifin kowa ba. Bayan yaran da ƙyanda ta kwashe mana bara, wa zai buɗe wa wata cutar ƙofa?

Zanen ne ke damuna. Kwana goma sha biyu tsoho ya yanka mana, shida muka yi. Ya gama gadon baya da ƙugu, ya sauko cinyar dama har bakin gwiwa. Ta hagu ba ko ɗigon tawada, balle cibiya da ake rufe aiki da ita. Da zazzaɓin nan bai kama ni ba, makaranta kuma ba ta matsa in dawo ba, da tuni an wuce wurin.

Ki ba Uelese haƙuri. Na san shi ne abokin tabarmata, tare aka fara mana, kuma ba a yi wa mutum shi kaɗai. Amma kada ya jira ni. Tsoho ya samo masa wani su ƙarasa tare, ni in an buɗe hanya a Yuli na san yadda zan yi.

Ki gaida Mama da kyau. Allah ya tsare mu.

Ƙanenki,
Penaia

Savai'i, 2 ga Yuli, 2020

Ƙanena Penaia,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Mama lafiya lau sai ƙafar nan tata, ta ce ka riƙa cin abinci mai zafi. Yuli ta zo, hanya ko alamar buɗuwa babu.

Na kai wa Uelese saƙonka. Na same shi yana ɗinkin ragar kifi, bai ko ɗago ba, ya ce ba a canza abokin tabarma kamar riga. Tsoho Pasi da kansa ya samo masa wani saurayi daga ƙauyen gaba, ya yi godiya ya ƙi.

Ka san abin da ake kiran mai rabin zane a nan, matsoraci ne mai sauƙin cikin sunayen. A idon ruwa sai kowa ya gama wanka yake shiga. Samari sun cire shi daga masu miƙa ƙoƙon ava, abin shanmu na al'ada, a taron dattawa, sun mai da shi baya wurin hura wuta. Matar fasto kuma, wai ita mai tausayi, ta ba shi kyautar dogon wando a gaban jama'a. Ya karɓa da hannu biyu. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan kai ka ja, ɗan kawunka ake duka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ina kakkaɓe akwatinka sai takardar tikiti ta faɗo daga cikin Littafi Mai Tsarki. Ɗaya ga Maris aka fara rubutawa, aka mai da ita tara ga Fabrairu. Ni malamar makaranta ce, Penaia, na san ranar da ake komawa karatu. Zazzaɓin ma, ni na taɓa goshinka ran nan da safe, ya fi ruwan kwakwa sanyi.

Ban faɗa wa kowa ba, kuma ba don kai ba, don Mama. Raina a ɓace yake, gara ka sani.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Malaea

Brisbane, 20 ga Oktoba, 2020

Yaya Malaea,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafarar shirun da na yi. Wata uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gudu na yi.

Gwiwa ce ta kore ni. Ran kwana na shida da tsoho ya ɗora haƙoran tsinkensa a kan ƙashi ya fara bugawa, a cikin haƙorana nake jin kowane bugu. Kuna gefe kuna yi mana waƙa, ni kuwa ji nake kamar in tashi in rufe muku baki. Na juya na ga Uelese ya ciji tsumma, ko tari bai yi ba, sai na ƙara tsanar kaina. Washegari na ce zan je birnin Apia neman magani, na zarce ofishin jirgi. Allah shaida, niyyata in huta wata biyu in dawo a Ista in kwanta. Ban san duniya za ta rufe ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Da aka sake buɗe cocin 'yan Samoa da ke Logan, nan kusa da mu, muna gasa gwaza a kan duwatsu, zafi ya sa na cire riga. Wata tsohuwa ta hango bayana ta rangaɗa guɗa. Daga ƙugu zuwa sama ai ba abin da ya rage, sauran kuma zani ya rufe har idon sawu. Suka jawo ni gaba, suka ba ni ƙoƙon ava in miƙa wa dattawa kamar mai cikakken zane. Na karɓa, Yaya. Sau uku ke nan yanzu.

Ga roƙona. Akwai mai zane a Logan, mutumin tsibirin Upolu. Na nuna masa a ɓoye, ya daɗe yana kallo, ya yaba hannun, sannan ya ce ba ya taɓa aikin wani sai mai aikin ya aiko da baki. Ki ɗauki tabarma mai kyau ki kai wa Tsoho Pasi ta gaisuwa. In ya yarda na gama a nan, Uelese ba shi da sauran dalilin jira.

Kada ki ce in hau jirgin da ke kwaso 'yan ƙasa. In na fita Ostareliya ba za a bar ni in dawo ba, shekara biyu na karatu sun bi ruwa, ga ƙauye na jiran injiniyan da zai kawo famfo.

Allah ya huci zuciyarki.

Ƙanenki,
Penaia

Savai'i, 9 ga Maris, 2021

Penaia,

Gaisuwa da fatan alheri. Nima na yi maka shiru, kuma da gangan na yi.

Zancen ava ban kai wa Uelese ba, ya kai kansa. Wani a cocinku ya ɗauki hotonka ya sa a waya, kafin la'asar ya zaga ƙauye. Ga ka nan tsaye, jiki na sheƙin mai, ƙoƙo a sama. Samari suka kai masa har bakin wuta don su ga yadda zai yi. Ya goge hannu, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya ce bayanka ya warke da kyau, ya mai da musu wayarsu. Ni na yi masa kukan.

Duk da haka na je wurin tsoho. Da ya zuba mini shayi, kofin sai kaɗawa yake a hannunsa, rabi ya zube a tabarma, muka yi kamar ba mu gani ba. Na fara kame-kamen zazzaɓi, ya katse ni da dariya.

“Ke 'yar nan, ƙanenki yana tsammani shi ya fara gudu? Ran gwiwa kowa gudu yake yi. Wannan ya ce uwarsa ba lafiya, wancan ya ce aladu sun shiga gonarsa. Ni kaina kwana huɗu na ɓuya a gidan kawuna. Ƙyale su nake su sha kukansu, su dawo da ƙafarsu. Shi dai tsautsayinsa da jirgin sama ya yi nasa gudun, aka kulle ƙofa a bayansa.”

Na yi zaton ke nan ya yarda. Ya turo mini tabarmata, ya ce abin da ya fara shi zai gama, ba mutumin Upolu ba. Sai ya ɗaga hannun dama ya kalle shi, ya ce in faɗa maka wannan hannun ba zai jira digiri ba.

Akwai jirgi daga Brisbane a watan Mayu, ana rubuta sunaye har ƙarshen Afrilu. Mama ta ce ka zauna ka gama karatunka, ita da ba ta san komai ba. Ni ba zan ce maka zo ba, ba zan ce zauna ba.

Allah ya yi maka jagora.

Malaea

Brisbane, 30 ga Afrilu, 2021

Yaya,

Ina gaisuwa. Yau aka rufe rubuta sunaye. Na cika takardar tun ran Litinin, ta kwana huɗu a buɗe a gabana, ban tura ba.

Wata takwas suka rage in gama. Ki roƙar mini tsoho ya riƙe hannunsa zuwa Disamba, ai ba za a wuce haka ba a buɗe ba. Na daina zuwa Logan, na ce musu karatu ya yi yawa. Na rubuta wa Uelese shafi biyu, na karanta, na ga duk bayani ne, na ajiye.

Ki yafe mini in kina iyawa.

Penaia

Savai'i, 18 ga Nuwamba, 2021

Ƙanena,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, wanda ya bayar ya kuma karɓa. Ran Asabar muka binne Tsoho Pasi.

Tun Satumba ya aika aka kira Uelese, ya ce safiya kaɗai ta rage masa, daga rana ta ɗaga hannun ba ya jin magana, ko ya kwanta yanzu ko ya mutu da rabi. Uwar Uelese ta durƙusa masa a gaban mutane. Sai ya yarda, amma samarin da suka shekara suna yi masa dariya ba wanda zai kwanta a gefensa, shi ma bai nema ba. Ni na kwanta. Na ce a yi mini malu, zanen mata, don kada tabarmar gidanmu ta zauna ba kowa.

Na san gwiwa yanzu, Penaia. Jiki magayi. Namu bai kai rabin naku ba, amma da ya hau ƙashi na kira sunan Baba da ya shekara goma a ƙasa, kuma da akwai jirgi a bakin ƙofa ban san abin da zan yi ba. Na rage jin haushinka, ban daina ba.

Aikin kwana shida sai da ya ci sha tara. Layukan cinyar hagu sun ɗan karkace, kowa ya gani. Ran ƙarshe aka taru, an dafa abinci, an kawo man kwakwa da za a shafa masa, saura cibiya kawai, abin da bai fi faɗin babban yatsa biyu ba. Tsoho ya tsoma tsinke a tawada, sai Uelese ya sa tafin hannu ya rufe cikinsa.

“Baba, a bar wannan. Ba da Malaea na fara ba.”

Uwarsa ta zage shi, dattawa suka yi magana, ni ma na yi. Tsoho ya wanke tsinkensa ya naɗe kaya. Bai sake buɗe su ba. Har yau Uelese na bayan wuta, don a idon ƙauye wanda ba a rufe masa cibiya ba bai gama ba.

Izinin da ka nema, tsoho ya bar shi kafin ya cika, amma ba a hannuna ba. Ya ce ɗansa da ya gaji kayan ya ƙarasa maka, ranar da Uelese ya kawo ka da kansa.

Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa. Mama na gaishe ka.

Yayarka,
Malaea

Savai'i, 21 ga Agusta, 2022

Ɗan'uwa Penaia,

Ina gaishe ka. Ka san ni da rubutu, ka yi haƙuri da hannun.

Malaea ta ce ka gama, har ka samu aiki a can wurin masu ruwa. Na yi murna ƙwarai. Ta ce wata biyar ba ka amsa mata wasiƙa ba, na ce aiki ne.

An buɗe hanya tun farkon wata. Duk ranar da aka ce jirginku ya sauka, nakan je gaɓa a Salelologa in tsaya har jirgin fito ya gama sauke mutane. Sau uku ke nan. Ba wahala ba ce, dama ina kai kifi kasuwa.

Kada gwiwa ta dame ka, zan riƙe maka ƙafa. Ni saura cibiya.

Ka huta lafiya.

Abokin tabarmarka,
Uelese